Arduino Engineering Kit Rev2 a ajin injiniya: abin da yake koyarwa, da abin da ya bar wa malami

A yawancin tsangayoyin injiniya, ɗalibin kanikanci da na lantarki da na kwamfuta suna zama aji ɗaya ne a shekara biyun farko, wajen lissafi da zanen injiniya da ire-irensu. Daga nan kowa ya kama gabansa, ya shige sashensa. Sai ranar da suka fita aiki su tarar babu na'urar da ta san da wannan rabon gadon. Famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana kawai ya ishe misali: yana son mai lissafin ƙarfin juyi, da mai lissafin wuta, da mai rubuta manhajar da za ta kashe shi idan rijiya ta ƙafe. Masu tantance kwasa-kwasai sun daɗe da ganin wannan giɓi. Hukumar ABET ta Amurka ta sa iya aiki cikin tawagar da ta haɗa fannoni daban-daban cikin sharuɗɗanta a wajen shekarar 2000, kuma a Najeriya hukumar kula da aikin injiniya, COREN, ta rungumi tsarin auna ɗalibi da abin da ya iya, har ta samu zama mambar wucin gadi a Washington Accord, yarjejeniyar ƙasashe ta amincewa da digirin injiniyan juna, a 2023. Abin da ya rage wa malami shi ne da me zai koyar.

Ɗaya daga cikin kayan da ake tallatawa don wannan aiki shi ne akwatin da kamfanin Arduino ya haɗa tare da MathWorks, masu MATLAB da Simulink, manhajojin lissafi da kwaikwayon aikin na'ura. Na farko ya fito a 2018 da bod ɗin MKR1000 (bod shi ne ɗan allon lantarkin da ke sarrafa na'ura). Wanda ake magana a kansa a nan shi ne na biyu, Rev2. Hukuncin da za a iya yanke masa tun daga farko: yana da kyau ƙwarai wajen nuna wa ɗalibi inda fannoni suke karo da juna, amma bai koyar da ƙira, domin an riga an yi ƙirar kafin a rufe akwatin. Wanda ya saya yana zaton ya sayi kwas ɗin ƙira cikakke zai ji kunya a mako na shida.

Abin da ke cikin akwatin

Akwatin roba ne mai ƙarfi da ake iya jerawa kan juna, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kula da ɗakin gwaji. A ciki akwai bod ɗin Arduino Nano 33 IoT guda ɗaya, da wani bod da ake dasa shi a kai mai suna Nano Motor Carrier, da batirin 18650 guda ɗaya, da moto biyu masu giya da enkoda (enkoda ita ce ke ƙirga juyin moto), da wani moto mara giya shi ma da enkodarsa, da sabo ɗaya, wato moton da ke juyawa zuwa kusurwar da aka ce masa ya tsaya. Sai kyamarar kwamfuta, taya biyu, maka biyu na farin allo, zaren nailan, noti da kusoshi, da sassan jiki kashi uku na ayyuka uku: na'urar zane a allo, 'yar mota mai ɗaukar kaya, da babur mai tsayar da kansa. Akwai kuma lasisin MATLAB da Simulink na shekara ɗaya ga mutum ɗaya, da darussa a intanet.

A lura da kalmar "guda ɗaya". Jiki uku ne amma ƙwaƙwalwa ɗaya, kuma moton ma aron juna suke yi. Ba za a ga ayyukan uku a tsaye lokaci guda daga akwati ɗaya ba. Sai an kwance wannan a ɗaura wancan.

Nano 33 IoT yana ɗauke da guntun SAMD21 mai gudun megahaz 48, da wurin ajiyar manhaja na kilobait 256 da ƙwaƙwalwar aiki ta kilobait 32, da Wi-Fi ta guntun NINA-W102. Motor Carrier kuwa yana da mashiga huɗu na moto, huɗu na sabo, biyu na enkoda, da cajar batir, da sansar BNO055 mai auna karkata da juyi da maganaɗisu. Yana ɗaga wutar batirin daga bolt 3.7 zuwa 12, kuma kowace mashigar moto iyakarta miliamfiya 500. Waɗannan lambobin su ne kan iyakar duk abin da ɗalibai za su ƙera daga baya, don haka ya kamata a rubuta su a allo tun ranar farko.

Na'urar zane: a nan za a fara

Ita ce mafi sauƙin ɗaurawa kuma ita ce ta fi koyar da ladabi. Na'urar tana rataye a jikin farin allo da zare biyu da suka bi ta ƙusurwoyin sama, kowane moto yana naɗe zarensa ko ya sake shi, sabo kuma yana sauke maka ko ya ɗage shi. MATLAB yana karɓar hoto, ya mayar da shi baƙi da fari, ya sirantar da layuka har su koma ɗigo ɗaya a faɗi, ya jera ɗigogin su zama hanya, sannan ya mayar da hanyar zuwa tsawon zare.

Lissafin bai wuce na alwatika ba. A ce tazarar da ke tsakanin maratayan biyu santimita 100 ce, zaren hagu 60, na dama 80. Nisa daga hagu shi ne a haɗa 100 sau 100 da 60 sau 60, a cire 80 sau 80, a raba da 200, a samu 36. Nisa daga sama kuma 48. Enkodar tana ba da ƙirga 12 a kowane juyin moto, giyar kuma 100 ce bisa 1, wato ƙirga 1,200 a kowane juyin abin naɗin zaren. A takarda dai komai ya zauna daram.

A allo ne ake gane kurakurai. Da'ira takan fito kamar ƙwai, kuma ɗan kwamfuta zai kwana yana bin manhajarsa layi-layi alhali laifin ba nasa ba ne. Yawanci ɗaya daga abu uku ne. Ko dai an auna tazarar maratayan ba daidai ba. Ko an fara aiki ba tare da an gaya wa manhajar ainihin tsawon zaren a wurin farawa ba, ita kuwa enkoda bambanci kawai take ƙirgawa, ba ta san inda aka faro ba. Ko kuma zaren ya hau kan ɗan'uwansa a jikin abin naɗi, kaurin ya ƙaru: idan abin naɗin yana da milimita 5 daga tsakiya zuwa baki, zare ya ƙara masa rubu'in milimita, kuskuren ya kai kashi 5 cikin 100, wato santimita biyu da rabi a layin santimita 50.

Sai abin da ya fi ba ɗalibai mamaki: na'urar takan ƙi hawa saman allo, moto yana kuka, ba motsi. Dalili shi ne duk sadda zaren ya kusa miƙewa a kwance, jan da ke kansa yana ninkuwa. Idan na'urar tana tsakiya kuma zaren ya yi kusurwar digiri 30 da layin kwance, kowane zare yana ɗauke da ja daidai da nauyin na'urar. A digiri 10 ya kusa ninki uku. A digiri 5 ya haura ninki biyar da rabi. To a nan ɗan kanikanci ne zai lissafa jan, ɗan lantarki ya mayar da shi wutar da moto zai sha ya gwada da iyakar miliamfiya 500, ɗan kwamfuta kuma ya shata yankin da manhajar ba za ta bari a fita daga cikinsa ba. Wannan darasi shi kaɗai ya kusa biyan kuɗin sabulu, domin babu wanda zai warware shi daga cikin sashensa shi kaɗai.

'Yar motar ɗaukar kaya

Taya biyu ne, kowace da motonta, ana juya ta da bambancin gudun tayoyin, ga ɗan cokalin ɗaga kaya a gaba da sabo ke sarrafawa. Ana rataye kyamara a sama tana kallon fili, kwamfuta tana gane inda motar take ta alamomi masu launi, ta aika mata umarni ta Wi-Fi. Matakan aikin, wato je ka, tsaya, ɗaga, juyo, sauke, ana zana su ne a Stateflow, manhajar tsara matakai da ke tafiya tare da Simulink.

Amfanin wannan aikin shi ne yana nuna dalilin da ya sa ƙirgar taya kaɗai ba ta isa. A ce faɗin taya santimita 9 ne, tazarar tayoyin 12, kuma ɗaya ta fi ɗaya da milimita 1 kacal saboda yadda robar ta zauna. Bayan tafiyar mita ɗaya motar ta karkace da kimanin digiri 5, ta kauce da kusan santimita 5, enkoda kuwa tana rantsuwa cewa an tafi sak. Kyamara ce ke gyara wannan, ita ma da nata ciwon. Launin da aka saita da safe da hasken taga ba shi ne na la'asar ba, kuma idan aka ɗauke wuta aka koma janareta ko aka buɗe labule, motar sai ta ɓace wa kwamfuta tana tsakiyar fili. Magani: a rufe tagogi, a kafa fitila ɗaya da ba ta canzawa, a kashe saitin da kyamara ke daidaita haske da kanta, a ware launi da tsarin HSV, mai raba launi da haske, maimakon RGB, a kuma sake saiti a farkon kowane zama. A ɗaure kyamarar tamau. Ko taɓa ta aka yi, ma'aunin fili ya tashi.

Batun Wi-Fi kuma, guntun NINA na zangon gigahaz 2.4 ne kawai, kuma bai iya cika shafin shiga irin wanda intanet ɗin makarantu ke buɗewa. A sayi 'yar rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, a ware ta ga ɗakin gwaji, ba sai tana da data ba, a rubuta adireshin kowane bod a jikin akwatinsa. In ba haka ba za a wayi gari rukuni na uku yana tuƙa motar rukuni na bakwai.

Babur mai tsayar da kansa

Shi ne abin nunawa ranar da baƙi suka zo, shi ne kuma mai cin lokaci. Babur ɗin yana da wani faifai mai nauyi a tsakiyarsa. Idan ya fara faɗuwa, moto yana ƙara wa faifan gudu, martanin wannan ƙarin gudun kuma ya turo jikin babur ɗin ya dawo. Abin da ɗalibai suka fi kasa riƙewa shi ne cewa gudun faifan ba ya tsayar da komai, canjin gudun ne ke yi. Faifan da ke juyawa da gudu ɗaya ba ya tura kowa.

Daga nan matsalar da kowane rukuni zai gamu da ita take fitowa. Babur ya tsaya cak na 'yan sakanni, ƙarar faifan tana ta ƙaruwa, sai kuma ya kife. Abin da ya faru shi ne tsakiyar nauyinsa ba ta kan layin da sansa ke kira sifili; wataƙila batirin ya ɗan gusa gefe, ko wayoyi sun taru a ɓangare ɗaya. Sai faifan ya yi ta ƙara gudu don ya riƙe wannan 'yar karkatar har moto ya ƙure, daga nan ba sauran abin turawa. Gyaran iri biyu ne, kuma yana da kyau a sa ɗalibai su yi duka: a daidaita nauyin da hannu a nemo ainihin kusurwar da babur ke tsayawa, sannan a saka gudun faifan cikin lissafin sarrafawa domin ya riƙa komawa ƙasa a hankali.

Lokaci ma yana da tsada a nan. Abu mai tsakiyar nauyi a santimita 6 daga ƙasa, karkatarsa tana ninkawa kusan kowane kashi ɗaya cikin ashirin na sakan, wato daga digiri 1 zuwa 16 cikin abin da bai kai rubu'in sakan ba. BNO055 tana ba da kusurwa sau 100 a sakan, saboda haka dole manhajar sarrafawa ta zauna a kan bod ɗin kansa tana zagayawa da irin wannan saurin, ba a kwamfuta ta waya ba. Duk tacewar da aka ƙara don rage hayaniyar sansa jinkiri ce, jinkirin kuma shi ke sa babur rawar ɗari. Ita sansar tana manta saitinta duk sadda aka kashe wuta in ba an adana shi ba, tana kuma nuna matakin saitin daga 0 zuwa 3. A ajiye babur ɗin shiru na ɗan lokaci bayan kunnawa. Ɓangaren maganaɗisunta kuwa kada a dogara da shi, tunda tana zaune ne kusa da moto masu nasu maganaɗisun. Idan babur ya fi saurin faɗuwa da aka kunna sarrafawa fiye da sadda take kashe, an juya alama ne, ko a waya ko a lissafi.

A yi gwajin farko tsakanin soso biyu ko littattafai masu kauri. A kuma gaya wa kowa ya tattare hannun riga da gefen hijabi kafin a kunna faifan.

Inda akwatin ya gaza

Duba abin da ɗan kanikanci ya yi a ayyukan nan uku: ya ɗaura noti. An yanke sassan, an huda ramukan, an zaɓi giya. Ɗan lantarki ya cusa waya a mashigar da aka rubuta wa suna. Bai zaɓi direban moto ba, bai zana bod ba, bai lissafa kaurin waya ba. Kaso mafi tsoka na tunanin yana cikin MATLAB da Simulink, don haka wanda ya fi sakin hannu a kwamfuta yakan janye kibod gabansa, sauran su koma 'yan rakiya. Ɗalibin injiniyan gine-gine ko na sinadarai ko na noma kuwa babu ma kujerarsa a nan. Darussan intanet ɗin an tsara su da kyau, mataki bayan mataki, amma kyawun nasu shi ne aibinsu: akwai amsa ɗaya, kuma fayilolin ayyukan suna nan a shirye ga mai son kwafa.

Ƙira kuwa tana farawa ne daga buƙatar da ba ta da amsa ɗaya, da iyakokin da ke cin karo, da zaɓin da za a kare a gaban mutane. Wannan malami ne zai kawo shi.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ɗauki akwatin a matsayin share fage na mako biyar ko shida a zango mai mako 14 ko 15. Mako na farko a kafa manhaja a gwada moto da enkoda da sansa ɗaya bayan ɗaya. Mako biyu na gaba na'urar zane. Sannan kowane rukuni ya zaɓi mota ko babur, ba duka biyu ba. Daga mako na bakwai a kwashe sassan jikin da suka zo a akwati a kulle a kabad, a bar musu bod da moto da batir, a ba su buƙata sabuwa. Misali: mota da za ta hau gangare mai digiri 10 da kayan giram 300, ta yi minti 30 tana aiki da caji ɗaya, kuɗin ƙarin kaya kada ya wuce abin da aka ƙayyade, jikinta kuma su za su zana su yanka.

Nan take gardama mai amfani za ta tashi. Idan duka nauyin ya kai giram 800, jan gangaren kimanin niyuton 1.4 ne, wanda a tayar santimita 9 yake neman ƙarfin juyi na kusan 0.06 niyuton-mita a raba wa moto biyu, kafin a ƙara gogayya da rarar tsaro. Ɗan kanikanci yana son jiki mai kauri, kauri kuwa nauyi ne. Ɗan lantarki zai nuna cewa miliamfiya 500 a bolt 12 wat 6 ne, kuma idan ingancin ɗaga wutar ya kai kashi 85 cikin 100, batirin zai ba da kusan amfiya 1.9 don moto ɗaya tak. Ɗan kwamfuta yana son a rage gudu don kyamara ta riƙa cin ma motar. Ƙaramar taya tana sauƙaƙa wa moto amma tana rage gudu tana kuma maƙalewa a bakin gangare. Babu wanda zai samu duk abin da yake so, kuma wannan cinikin shi ne darasin.

Abu ɗaya da bai kamata a yi sassauci a kansa ba shi ne takardar mahaɗa: shafi guda da kowane rukuni zai rubuta ya sa hannu kafin a yanka komai. A ciki a faɗi nauyin da aka ware wa kowane ɓangare, tazarar ramukan ɗauri, bolt da amfiyar kowace na'ura, lambar fil ɗin da kowace waya za ta shiga, wane juyi ne ake kira gaba, da ma'aunin da za a yi magana da shi, digiri ko radiyan, milimita ko santimita. Duk wanda zai canza wani abu a ciki sai sauran sun amince a rubuce. Ɗalibai sukan raina wannan takarda har sai an ba su labarin kumbon Mars Climate Orbiter da NASA ta rasa a 1999 saboda tawaga ɗaya ta yi lissafi da fam, ɗayar kuma ta karanta da niyuton.

Wajen ba da maki ma sai an yi dabara, don idan na'ura mai aiki ce kaɗai abin dubawa, mutum ɗaya zai yi aikin uku su ci bulus. Rabon da ke da ma'ana: 40 ga na'urar da rahoton rukuni, 30 ga tambayar baka ga kowane ɗalibi shi kaɗai, 20 ga littafin aiki da zaman bitar ƙira guda biyu, 10 ga makin da 'yan rukuni ke ba juna. Sirrin yana cikin tambayar bakan: a tambayi kowa ɓangaren da ba nasa ba. Ɗan kwamfuta ya yi bayanin dalilin zaɓen girman taya, ɗan kanikanci ya faɗi abin da zai faru idan aka ninka lambar D a PID, wato lissafin sarrafawa. Da zarar sun san haka za a yi, da kansu za su koyar da juna.

Kuɗi, lasisi da kayan gyara

Farashin akwati ɗaya ya haura dala 200 kafin jigila da kwastam. Mutum uku a akwati shi ne daidai. Huɗu ya fara yawa, biyar kuwa biyu kallo za su yi. Ajin mutum 60 ke nan akwati 20. Raba akwati 10 tsakanin rukunin safe da na yamma yana yiwuwa ne kawai idan duka suna kan aiki ɗaya, shi ma da rigima, domin na yamma zai tarar an taɓa masa saiti.

Lasisin shi ne ramin da ba a gani. Na mutum ɗaya ne, na shekara ɗaya. Jami'ar da ke da lasisin MATLAB na makaranta baki ɗaya ba ta da damuwa. Wadda ba ta da shi za ta tarar a shekara ta biyu tana da akwatuna masu kyau da darussan da ba za su buɗu ba. Ana iya tuƙa bod ɗin da Arduino IDE kyauta ta laburaren ArduinoMotorCarrier, a yi lissafin da Python ko GNU Octave ko Xcos na Scilab, amma fa malami ne zai sake rubuta darussan daga tushe. Saukar da MATLAB da Simulink da ƙarin fakitocin Arduino da na kyamara gigabait ne masu yawa. A yi shi kafin a buɗe zango, a kuma tsayar da siga ɗaya ga kowa, domin samfurin Simulink da aka adana a sabuwar siga ba ya buɗuwa kai tsaye a tsohuwa. A sabunta manhajar cikin Motor Carrier da ta guntun Wi-Fi a duka akwatunan rana ɗaya.

Abin da ya fi mutuwa shi ne bod ɗin Nano, kuma kusan kullum dalili ɗaya ne: na bolt 3.3 ne, ba ya jure 5. Ɗalibin da ya saba da Arduino Uno zai ɗauko sansar nisa ta HC-SR04 ya haɗa kai tsaye, ita kuwa amsarta bolt 5 ce. Resista biyu sun isa su kare shi, ta kilo-om 1 a jere da ta kilo-om 2 zuwa ƙasa. A ajiye rarar Nano biyu ko uku a kowane akwati goma, da rarar moto masu giya, don haƙoran giyar ƙanana ne kuma suna karyewa idan aka murɗa taya da hannu da ƙarfi. Wayoyin enkoda sirara ne, a cire su ta kan filogi. Noti kuma a ɗaure shi da yatsa biyu. Wanda ya saba da sifana zai tsaga sassan.

Batirin 18650 yana cika a bolt 4.2, kuma bai kamata a caja irinsa a zafin da ya wuce digiri 45 ba. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, ɗakin gwaji mai rufin kwano da ba fanka yana iya kusantar haka, don haka a yi caji da safe, a inuwa, da mutum a wurin. Idan za a sayi ƙari a kasuwa, duk wanda aka rubuta wa 9,900 mAh ƙarya ce. Na gaske ba ya wuce wajen 3,500, kuma nauyinsa kimanin giram 45 ne. A tafi da ƙaramin sikeli.

Sashen da kuɗinsa bai kai ba yana iya haɗa nasa: ESP32, direban TB6612FNG, sansar MPU6050, da moton N20 masu enkoda, a zana jiki da FreeCAD, bod kuma da KiCad. A guji direban L298N ga ƙananan moto, yana cinye kusan bolt 2 ya mayar zafi. Wannan hanyar ta fi arha, ta kuma fi kusa da ƙira ta gaske, amma tana neman malami da ma'aikacin ɗakin gwaji da za su ba ta hutun zango guda suna gwadawa. Tsaka-tsakin da ya fi ma'ana ga sashe irin na mekatronik, kamar wanda ke Jami'ar Bayero, ko tsangayar da ke son cika kashi 30 cikin 100 da manhajar CCMAS ta NUC ta bar wa kowace jami'a, shi ne a sayi akwati huɗu ko biyar don makonnin share fage, sauran aikin a yi shi da kayan da aka tsinto ɗai-ɗai.

Aji uku, ko zangon farko na aji huɗu kafin a tafi SIWES, wato koyon aiki a masana'antu, shi ne gurbinsa: sun yi lissafin motsi da na da'irar lantarki, ba su kuma shiga hidimar aikin kammalawa ba. Sai dai kafin a rubuta takardar sayen ko akwati ɗaya, shugabannin sassan uku su zauna su fitar da awa uku a jere a rana ɗaya da babu ɗayansu da ya sa wani darasi a ciki, su kuma amince da lambar kwas guda da malami ɗaya daga kowane sashe da zai zauna a zaman bitar ƙira.